Hoton iyali a cikin gida ba tare da an jera kowa ba: tambayoyi da amsoshi

Me ya bambanta wannan da hoton sitidiyo ko na biki?

A wurin biki mai hoto ne ke tsara mutane: kai tsaya nan, ke juyo, kowa ya kalli kyamara. A nan kuwa zuwa zai yi gida ya shafe awa biyu ko uku yana bin harkokin da aka saba, ba ya ce wa kowa ya gyara tsayuwa. Uwa na tuƙa tuwo, ana yi wa yarinya kitso tana tura baki, kaka na kan tabarma tana tsinkar zogale, yara sun kewaye tire ɗaya. Abin da ake so a kama shi ne gidan yadda yake a bana, kafin yaran su girma, kafin a rushe soron a ta da bene.

Sai an yi wa gida gyara na musamman?

A share tsakar gida kamar kullum, a kwashe ledoji, a ɗauke bokitin da ya tare hanya. Iyakarsa ke nan. Kada a ɓoye turmi da buta da allunan yara da ke jingine a bango, kada a sauke shanya daga igiya. Kuskuren da aka fi yi shi ne a gyara falo tas, a tara kowa a kan kujerun da ba a zama a kansu sai an yi baƙi. Hoton zai fito tsaf, amma duk wanda ya san gidan ba zai gane shi ba.

Wane lokaci ya fi dacewa?

Rana ce ke yanke wannan hukunci. A Kano haske mai laushi yana samuwa daga ƙarfe 7 zuwa 9 na safe, sai kuma bayan la'asar, daga 4:30 zuwa kusan 6. Daga 11 zuwa 3 rana na tsaka, inuwa na sauka cikin kwarmin ido da ƙarƙashin hanci, kowa na yamutsa fuska. Idan dole sai a lokacin, a koma ƙarƙashin rumfa ko bakin zaure, inda haske ke shigowa ta gefe ɗaya.

A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi kan kai maki 40, a zaɓi safiya, don kafin yamma yara sun galabaita. Hazon hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, yana tausasa haske sosai, sai dai ƙurarsa ba ta raga wa kyamara: kada mai hoto ya canza gilashin kyamara a tsakar gida, ya shiga ɗaki. A kuma duba jadawalin gidan. Kada a sa lokacin ya ci karo da tafiya Islamiyya ko barcin jariri. Safiyar Juma'a ko ta Asabar, ana suyar ƙosai ana wankan yara, tana ba da abin ɗauka da yawa.

Ɗakunanmu suna da duhu, tagogi ƙanana. Yaya za a yi?

A yaye labule, a buɗe ƙofa, sannan a kashe ƙwan lantarki. Hasken taga da na ƙwai launinsu daban ne, in sun haɗu sai rabin fuska ya yi ja-ja rabi ya yi shuɗi-shuɗi, kuma gyara wannan a kwamfuta wahala ne. Bangon da aka yi wa koren fenti ko shuɗi shi ma yana zuba launinsa a fata, don haka a shimfiɗa tabarmar kusa da ƙofa.

Ga mai hoto: gilashin 35mm ya ishi yawancin ɗakuna, 24mm in wurin ya matse. Buɗewar gilashi f/2 zuwa f/2.8, ISO (ƙarfin kyamara na karɓar haske) 1600 zuwa 3200, saurin ɗauka kada ya gaza 1/250 na daƙiƙa in yara na guje-guje. In dare ya yi dole sai da ƙwai, a tuna wutar Najeriya sau 50 take bugawa a daƙiƙa, ƙananan ƙwayayen LED kan bar ratsi-ratsi a hoto, sai a koma 1/100 ko 1/50. Filasha kuwa a bar ta a jaka. Walƙiya ɗaya ta isa ta tuna wa kowa cewa ana ɗaukarsa.

Wane kaya za a sa?

Kayan zaman gida masu tsabta, waɗanda aka saba da su. Anko ba shi da wuri a nan. Farar shadda mai sheƙi tana ba da matsala: in aka daidaita haske da fuskar mai duhun fata, rigar sai ta ƙone fari fat, aikin wuya ya ɓace. Yadi mai siraran layuka kuma yana yin rawa-rawa a hoto. Hoda mai yawa tana fitowa toka-toka a hasken taga.

Matan gida da tsofaffi fa?

Wannan ita ce maganar da za a gama tun kwana biyu ko uku kafin ranar, kuma izinin maigida kaɗai bai wadatar ba. A tambayi kowa da kansa: “Hajiya, za a ɗauke ku kuna tare da jikoki, in babu damuwa.” Wanda ya ce a'a, saboda addini ko kunya, a ƙyale shi ba tare da naci ba. A faɗa wa mai hoto ɗakunan da ba a shiga, da waɗanda ba a ɗauka sai da mayafi ko hijabi. A gidan da namiji baƙo ba ya wuce zaure, a nemi mace mai hoto, akwai su a Kano. In ’yar aiki ko almajirin gida ko yaran maƙwabta za su fito, su ma a nemi yardarsu da ta manyansu.

A kuma yi yarjejeniya a rubuce, ko da a saƙon WhatsApp ne, cewa mai hoto ba zai sa ko ɗaya a Instagram ko Facebook don talla ba sai an amince. Hoton da ke nuna lambar gida ko bajon makarantar yaro kada ya hau intanet sam.

In yara sun ƙi sakin jiki ko sun fara kuka?

Minti 15 zuwa 20 na farko duk leƙen kyamara za su yi, daga nan su manta. A ba su aikin da suka sani, irin su ɗebo ruwa, wanke allo, ba kaji dawa. Kada a riƙa ce musu “ka yi dariya”, kada a yi musu tsawa. Kuka ma ana ɗauka, da lallashin da ke biyo baya.

Yaya za a karɓi hotunan?

A daidaita tun farko kan adadin da za a gyara, misali 60 zuwa 100, da ranar bayarwa. Kada a karɓa a matsayin hoto ta WhatsApp, yana matse su har su dushe in an wanke. A turo su a matsayin fayil, ko a zuba a filas, wato ’yar ma'ajiyar da ake soka wa kwamfuta. A ajiye kwafi a wuri biyu, sannan a wanke guda 20 ko 30 a girman inci 5 da 7 a sa a albam, a ajiye shi nesa da rana da damshin damina.