Wai "sabon nau'i": me ake nufi in ana maganar annobar kaji?

Tun daga korona kalmar nan ta shiga bakin kowa. Yanzu da ɗari ya sauko kaji suka fara zubewa a Damagaram, wuya ya murɗe, kashi kore, sai ka ji a rediyo an ce sabon nau'i ne ya fito shi ya sa rigakafi bai aiki. Gaskiya wannan magana na ɓata min rai, don rabi ce.

Wannan annoba ita ce cutar Niyukasil, tun 1926 aka santa, a tsibirin Java na Indonesiya da garin Newcastle na Ingila. Eh, ƙwayar tana da dangi da yawa in aka duba ƙwayoyin halittarta, masana sun ba su lamba, na XIV da XVII da XVIII su ake yawan samu nan Afirka ta Yamma. Ita kuwa LaSota, rigakafin da ake sayarwa a shagon maganin dabbobi 'yar gida na II ce, daga Amurka tun 1946. To a nan ne mutane ke ruɗewa, suna zaton tunda lamba ta bambanta shikenan aiki ya ɓaci. Ba haka ba ne. Ga garkuwar jikin kaza duk dangin nan fuska guda gare su, kamar 'yan gida ɗaya ne da kowa ya sa rigarshi, wanda ya san ɗaya zai gane sauran. Kazar da ta samu rigakafi mai kyau ba ta cika mutuwa ba ko da nau'in na nesa ne.

Inda bambancin ke da nauyi shi ne kazar na iya tsira amma tana ci gaba da zubda ƙwayar a kashi da majina, ta shafa ma ta maƙwabci wadda ba a yi ma ba. Wannan kam matsala ce, kuma a kanta masu bincike ke ta aiki.

Amma mu abin da ke kashe mana kaji ya fi kusa da haka. LaSota ƙwaya ce mai rai, zafi na kashe ta, kwalba ta fito daga firijo ta wuni a aljihu bisa babur ba ƙanƙara, ko a dama ta da ruwan pampo mai kulor, ko a dama da safe a bada da la'asar, me ya rage a ciki fisabilillahi? Wani kuma sai kaji sun fara faɗuwa yake neman ta, alhali rigakafi ba magani ba ne, jiki na son kusan sati 2 kafin ya ɗauka. Ga sayo kaza daga kasuwar Dole a sake ta cikin na gida ranar nan.

Akwai I-2, ita ma rigakafin ce, da ta fi jure zafi, ɗigo guda a ido, a maimaita duk wata 4. Ita ma ba a ce a shanya ta a rana ba. Ku tambayi ma'aikatan kiwo tun kafin ɗari ya shigo.