Kariyar tsofaffin gadojin katako masu rufi daga gobara

Gadar katako mai rufi gada ce da aka gina da manyan katakai, aka yi mata bango a gefe biyu da rufi a sama, har mai ratsa ta ya ji kamar yana tafiya cikin dogon zaure. An fi samun irinta a Amurka da Kanada da Suwizalan da kudancin ƙasar Sin. Dalilin rufin shi ne ruwan sama: gadar katako da aka bari a fili ba ta cika wuce shekara 20 ba ta ruɓe, amma wadda aka rufe tana iya haura shekara 100 tana ɗaukar kaya. Sai dai rufin da ya tsare ta daga ruɓewa shi ne ya sa ta zama abincin wuta. Katakon ya daɗe yana bushewa, iska na shiga ta baki ɗaya ta fita ta ɗayan, zafi kuma ya rasa hanyar tashi sama, sai ya bi tsawon gadar.

Daga ina wutar ke tashi

A Amurka, inda aka taɓa gina irin waɗannan gadoji fiye da 10,000 amma waɗanda suka rage ba su kai 1,000 ba, yawancin gobarar da gangan ake cinna ta. Gadojin suna ƙauyuka, nesa da gidaje, da dare ba mai gani. Gadar Cedar da ke gundumar Madison a jihar Iowa, wadda aka gina a 1883, an ƙona ta a 2002, aka sake gina ta, aka kuma ƙona ta a 2017. Gadar Bridgeton ta jihar Indiana, ta 1868, ita ma hannun mutum ne ya cinye ta a 2005.

Akwai kuma tsautsayi. A 1989 man fetur ya malalo daga wani gidan mai zuwa kan gadar Philippi a jihar West Virginia, mota ta bi ta kai, wuta ta kama. A Kalifoniya wutar daji ta watan Nuwamban 2018 ta lashe gadar Honey Run. A ƙasar Sin, gadar Wan'an ta lardin Fujian, mai tsawon kusan mita 98, ta ƙone a watan Agustan 2022. Yawancin gadojin wannan yanki suna da wurin ibada a tsakiyarsu inda ake kunna turaren wuta da kyandir, don haka wuta ba baƙuwa ba ce a cikinsu.

Gobarar da ta fi girgiza masu kula da kayan tarihi ita ce ta gadar Kapellbrücke a birnin Lucerne na Suwizalan, wadda aka gina tun ƙarni na 14 a kan kogin Reuss. Cikin daren 18 ga Agustan 1993 wuta ta cinye mafi yawanta, ana kuma kyautata zaton ta tashi ne daga wani kwale-kwale da aka ɗaure a ƙarƙashinta. An maido da gadar cikin wata takwas, aka buɗe ta a Afrilun 1994. Amma a ƙarƙashin rufinta akwai zane-zane masu kusurwa uku na ƙarni na 17, kuma mafi yawansu sun tafi ke nan. Kafinta zai iya sassaƙa sabon ginshiƙi daidai da tsohon, amma allon da mai zane ya shafa wa launi shekara 300 da suka wuce ba shi da madadi. Wannan gada a tsakiyar birni take, kusa da 'yan kwana-kwana, duk da haka ba su riga wutar ba.

Gano wuta da wuri

Na'urar gano hayaƙi irin ta gidaje ba ta da amfani sosai a nan. Iska na kwashe hayaƙin kafin ya isa gare ta, ƙura da hayaƙin salansa da gizo-gizo kuma suna sa ta yi ta kuka ba gaira ba dalili, har mutane su daina kula ta. Abin da aka fi dogara da shi shi ne wayar gano zafi. Wayoyin ƙarfe biyu ne a murɗe, kowace da rigar roba mai narkewa idan zafi ya kai wani mizani, misali digiri 68 ko 88 a ma'aunin Salshiyos. Da robar ta narke sai wayoyin su taɓa juna, saƙo ya tafi. Ana jan ta a ƙarƙashin rufi da kuma ƙarƙashin daɓen gadar, domin mai mugun nufi yakan tara ciyawa ko tayoyi ne a gindin gadar inda ido ba ya kaiwa. Wayar ba ta damu da ƙura ko sanyi ba, kuma idan wani sashe ya narke sai a yanke shi a haɗa sabo.

Wasu wurare suna ƙarawa da na'urar gano harshen wuta, da kyamarori masu ganin zafi, da fitilu masu kamawa idan an gitta. Inda babu layin lantarki, hasken rana da batir ke ɗauke da su, saƙon kuma ya bi ta layin wayar salula. Fitila da kyamara suna da wani amfanin na dabam, wato korar mai niyyar ɓarna tun bai ƙyasta ashana ba.

Kashe ta

Ƙararrawa ba ta kashe wuta. A ƙauyukan Amurka 'yan kwana-kwana galibi 'yan sa-kai ne, sai sun taso daga gidajensu sun je tasha sun ɗauko mota, alhali siraran allunan bango da rufi suna kamawa cikin 'yan mintoci. Manyan ginshiƙan su ne masu haƙuri: wuta na cin katako mai kauri a hankali, ƙasa da milimita ɗaya a minti, gawayin da ya taru a bayansa kuma yana kare cikinsa. Shi ya sa aka iya ceto ƙashin bayan gadar Philippi, har yau ana ganin tabon ƙuna a jikin katakanta. Duk dabarun kariyar suna neman abu guda ne, a samu ƙarin mintoci kafin wuta ta raunana ginshiƙan gadar ta rufta cikin kogi.

Bututun yayyafa ruwa na taimakawa, amma a ƙasashen sanyi ba a barin ruwa a ciki don kada ya daskare ya fasa bututun. Ana barinsa a bushe, ko dai bawul ya saki ruwa idan na'ura ta ji zafi, ko kuma motar kashe gobara ta zo ta jona mesarta a bakin bututun da ke wajen gadar. Ruwan kansa yakan fito ne daga kogin da ke ƙasa, ta wani bututu da aka dasa tun da wuri wanda mota za ta zuƙa ta cikinsa.

Ana kuma shafa wa katakon maganin da ke rage saurin kamawar wuta. Wani irinsa yana kumbura idan ya ji zafi, ya zama kumfa mai tsare katakon. Masu kula da kayan tarihi sun fi son marar launi don kada ya ɓoye fuskar tsohon katako, kuma tun da damshi da rana suna cinye shi, dole a riƙa sabunta shi bayan 'yan shekaru.

A 1998 gwamnatin tarayyar Amurka ta kafa shirin tallafa wa adana waɗannan gadoji a ƙarƙashin hukumar manyan hanyoyinta, kuma kariya daga gobara na cikin abubuwan da aka kashe wa kuɗin. Amma kuɗin tallafi na sayen na'ura ne, kula da ita kuwa na wuyan ƙaramar hukuma. Batir yana mutuwa, ɓera yana cin waya, busasshen ganye da sheƙar tsuntsu suna taruwa a lungunan ginshiƙai, ciyawa na tsirowa har ta taɓa bango. Saboda haka jadawalin kulawa yakan haɗa da share gindin gada, da sare rassan da suka kusanto rufi, da gwada ƙararrawa, da kai 'yan kwana-kwanan yankin su ga inda za su ja ruwa tun da rana, kafin daren da za a buga musu waya.