Daga kurtu zuwa hafsa a sojan ruwa, yaya abin yake ne?

A nan Kaduna kusan kowace unguwa akwai yaron da ya nemi NDA, makarantar horar da hafsoshin soja, bai samu ba, daga baya ya cike fom ɗin ƙaramin soja ya tafi makarantar horar da kuratan sojan ruwa da ke Onne a jihar Ribas. Iyaye sai su ɗauka shike nan ya makale a ƙasa har ritaya. Ga tambayoyin da aka fi yi.

Wai da gaske wanda ya shiga a kurtu zai iya zama hafsa?

Ƙwarai kuwa. Amma a gane tsani biyu ne daban. Ƙaramin soja yana hawa nasa har ya kai warant ofisa, kuma duk girman warant ofisa da furfurarsa shi ne zai fara sara wa yaron da ya fito NDA jiya. Shi hafsa kwamishin gare shi, wato takardar naɗin hafsa, da sunan shugaban ƙasa ake ba shi. To tsallakawa daga wancan tsani zuwa wannan ba ƙarin girma ba ne irin na kullum, sai an zaɓe ka an sake maka horo.

Ta wace hanya ake bi?

Wadda aka yi musamman domin ƙananan sojoji ita ce ake kira SD, wato Special Duty. Mutum ya yi shekaru yana aiki, ya ƙware a fanninsa, ko inji ne ko sadarwa ko makamai irin waɗanda ake koyarwa a makarantar sojan ruwa ta Kachia, kwamandansa ya rubuta cewa ya cancanta, sannan a tantance shi a duba lafiyarsa, in ya tsallake ya tafi kos ɗin hafsoshi. Sojan ƙasa ma suna da irin tasu da ake yi a Jaji. Akwai kuma DSSC, hanyar ɗaukar hafsa kai tsaye ta masu digiri ko HND, wanda ya yi karatu yana cikin kaki zai iya gwada ta in shekarunsa ba su wuce ba.

Me ya fi kayar da mutane?

Fayil, wallahi fayil. Yaro yana ɗan shekara 20 ya tafi hutun sallah ya ƙara kwanaki ba izini, aka caje shi aka rubuta, shi ya manta amma takardar tana nan, ranar da ya zauna gaban masu tantancewa ita za a fara buɗewa. Sai kuma karatu, wani ya je makaranta a ɓoye ba da amincewar rundunar ba, ya dawo da takardar da za a yi ta ja-in-ja a kanta. Ni abin da ke ƙona min rai shi ne yaranmu da yawa suna da ƙwazo a aiki amma da zarar albashi ya fara shigowa sai a ajiye littafi, aure da mashin su cinye lissafin, shekaru kuma na tafiya.

Sai da kuɗi ko uban gida?

Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi zai saya wa ɗanka kwamishin, ɗan damfara ne. Kada a sayar da fili a kan haka.

Zai iya kaiwa Admiral, ƙololuwar muƙamin sojan ruwa?

Da wuya, don ya shigo da shekaru a wuyansa kuma ritaya na jiransa, galibi a tsakiyar tsani ake tsayawa. Amma an taɓa yi a Amurka, Jeremy Boorda ya shiga a kurtu a 1956, ya zama shugaban sojan ruwansu a 1994.

To yaya zama da tsofaffin abokai?

Nan ne nauyin yake. Wanda kuka ci kwano ɗaya jiya yau shi ke ƙame maka, wurin cin abincinku ma an raba. Amma fa irin wannan hafsan ba a yi masa ƙaryar cewa inji ya ƙi tashi, don da hannunsa ya sha kwance shi.