Tsutsa mai ƙaho a gonar dankali: duba ƙasa kafin ka goya famfon feshi

'Yan uwa manoman dankalin Hausa, da zarar yaɗo ya fara rufe kunya, ƙorafin da ya fi zuwa mana, mu malaman gona, shi ne an wayi gari ganye ya koma tsinke. Wasu su ce fara ce, wasu su ɗora wa awakin maƙwabta. Kafin ka kai ƙara wajen mai unguwa, tsuguna ka ɗaga yaɗon. In ka ga baƙin kashi ƙwaya-ƙwaya kamar masoro a zube, mai ɓarnar tana nan kusa, maƙale a bayan ganye.

Tsutsa ce ƙatuwa, in ta ƙoshi takan kai santimita 10, kaurinta kamar ɗan yatsa. Wata koriya shar, wata ƙasa-ƙasa, da zane a karkace a gefen jikinta, ga ƙaho guda a wajen wutsiya. Ƙahon nan ne ke sa har manya ja da baya, alhali hoto ne kawai: ba ya harbi, ba shi da dafi.

Uwarta wata babbar faɗa-wuta ce da masana ke kira Agrius convolvuli, toka-toka, cikinta da ratsin baƙi da ja-ja. Da magariba take fitowa, ta tsaya cak a iska gaban fure irin na taba, ta zura wani siririn baki da ya fi jikinta tsawo tana zuƙar ruwan zaƙi. Ita ba ta cin ganye. Gwanar tafiya ce ma, don daga Afirka wasu kan tsallake Bahar Rum su kai har Ingila. Abin da take bar mana shi ne ƙwai, ɗai-ɗai a jikin ganyen dankali da na danginsa na daji irin su yaryaɗi, shi ya sa muke cewa a share bakin gona.

Tsutsar takan yi mako 3 zuwa 4 tana ci, amma mafi yawan ɓarnar a kwanakin ƙarshe take yi. Daga nan sai ta nutse cikin ƙasa ta ƙandare, ta zama wani abu ja-ja mai mariƙi kamar hannun buta. Da yawanku kun sha tono shi lokacin haƙa ba ku san ko mene ne ba.

To, me za a yi? A zagaya gona da sassafe ko da yamma liƙis, a tsince tsutsotsin da hannu, a jefa cikin bokitin ruwan sabulu ko a kai wa kaji da zabi. A ƙaramar gona wannan ya wadatar. Dankalin da ya kusa haƙa yana jure asarar ɗan ganye, wanda aka dasa kwanan nan shi ne abin ji.

In sun yi yawa, a fesa ruwan jiƙon 'ya'yan darbejiya tun suna ƙanana. Maganin kanti kuwa, a tuntuɓe mu tukuna, kuma kada a yanko wa dabbobi yaɗon sai kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba sun cika. Bayan haƙa a yi wa gonar huɗa, masu hannun butar nan su fito fili, rana da balbela su gama da su.