Waiwaye: Yadda gado da aure suka gina gidan Spencer

Yawancin mutane sun san sunan Spencer ne ta dalilin Gimbiya Diana, amma gidan ya girme ta nesa ba kusa ba. Asalinsu makiyaya tumaki ne a tsakiyar Ingila, da kuɗin ulu Sir John Spencer ya sayi gandun Althorp a 1508. Sarautar Earl kuwa, ɗaya daga cikin manyan sarautun gado na Birtaniya, sai a 1765 ta shigo gidan, kuma mace ce ta share mata hanya.

A 1700 Charles Spencer ya auri Anne Churchill, ɗiyar Duke na Marlborough. Da yake Duke ɗin bai bar ɗa namiji ba, sarautarsa ta gangaro har kan ɗan Anne a 1733, shi kuma ya sakar wa ƙanensa John gidan Althorp. Kakarsu Sarah, matar Duke ɗin, attajira mai kafiya wadda ba a taka ta a zauna lafiya, da ta rasu a 1744 sai ta bar wa John ɗin mafi yawan dukiyarta. Wannan dukiya ce ta ɗaga ɗansa har aka naɗa shi Earl Spencer na farko. Shi ma aurensa abin labari ne: a 1755, ana tsaka da shagalin cikarsa shekara 21 a Althorp, ya sulale da Georgiana Poyntz aka ɗaura musu aure a ɓoye, baƙi na ƙasan bene suna ta rawa.

Sai dai duk abin da mata suka kawo gidan, sarautar Earl Spencer ba ta bi ta kansu. Namiji kaɗai ke gado. Shi ya sa da Earl na biyar ya rasu a 1910 babu haihuwa, ɗan'uwansa da suke uba ɗaya ya hau.

Wannan ƙa'ida ta takura iyayen Diana ƙwarai. John Spencer ya auri Frances Roche a 1954, suka haifi Sarah da Jane, sannan namiji a 1960 wanda bai yi kwana ba ya koma. Diana ta zo a 1961 lokacin da dangi suka zuba ido suna jiran magaji, sai a 1964 aka sami Charles. Auren ya mutu a 1969, uban ya auri Raine a 1976, matar uban da yaran suka daɗe ba sa ga maciji da ita.

Charles ya gaji mahaifinsa a 1992, ya zama Earl na tara, ya kuma yi aure fiye da sau ɗaya. A 2013 majalisar Birtaniya ta gyara dokar gadon karagar mulki ta daina fifita namiji, amma gyaran bai taɓa irin waɗannan sarautu ba. 'Yar farin Charles Kitty ce, haihuwar 1990, amma magaji shi ne ƙanenta Louis, wanda aka haifa a 1994.