Tsawon Barci da Hawan Kolestarol a Jikin Manya

Kolestarol, wanda ake kira maiƙon jini, sinadari ne mai kama da kakin zuma. Hanta ce ke haɗa mafi yawansa, ragowar kuma daga abinci yake fitowa, kamar nama mai kitse da man shanu. Jiki na buƙatarsa, amma idan nau'in da ake kira LDL ya yi yawa, sai ya riƙa taruwa a bangon hanyoyin jini har ya tsuke su, abin da ke kai wa ga ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. Nau'in HDL kuwa kwashe shi yake yi ya mayar wa hanta. Akwai kuma wani kitsen, triglisarid, da ake aunawa tare da su. A takardar awon jini, ana so jimillar kolestarol ta zauna ƙasa da giram 2 a lita, triglisarid kuma ƙasa da giram 1.5.

Abin da bincike ya gano

Masana barci a Amurka sun daidaita a 2015 cewa baligi na buƙatar aƙalla awa 7 a kowane dare. A 2022 kuma ƙungiyar likitocin zuciya ta ƙasar ta sa barci cikin abubuwa 8 da take auna lafiyar zuciya da su, jere da kolestarol, hawan jini da sukari.

Sai dai alaƙar barci da kolestarol ba miƙaƙƙiya ba ce. Wani bincike da aka buga a 2008 kan manya a Japan ya nuna cewa matan da ke barci ƙasa da awa 5, da masu yin awa 8 ko fiye, duka sun fi samun hawan triglisarid da ƙarancin HDL. A maza kuwa ba a ga haka ba. A 2017, masana a Jami'ar Warwick ta Ingila sun tattara binciken da aka bi mutane shekara da shekaru, ba su sami hujja mai ƙarfi cewa tsawon barci shi kaɗai ke ɗaga maiƙon jini ba. Saboda haka duk mai cewa rashin barci ne ke "kawo" kolestarol ya yi gaggawa. Yawan barci ma sau da yawa alama ce ta wani ciwon da ke kwance a jiki.

Inda hujja ta fi ƙarfi shi ne wajen ci. A 2004, a Jami'ar Chicago, an taƙaita wa samari 12 kwanciya zuwa awa 4 dare biyu a jere. Sinadarin da ke sanar da ƙoshi ya ragu da kashi 18 cikin 100, mai tayar da yunwa ya ƙaru da kashi 28, kuma ransu ya fi biya wa zaƙi da abinci mai nauyi. Daga nan teɓa ke farawa, ita kuma teɓa ta ɗaga triglisarid ta sauke HDL.

A Damagaram

Wanda ya kwana a Zinder, wato Damagaram, cikin Afrilu ko Mayu ya san yadda dare ke gajarta. Zafin rana kan wuce digiri 40, ɗaki ba ya kwantuwa, sai a shimfiɗa tabarma a tsakar gida a jira iska, ga kiran assalatu na tafe. Ga zaman fada, inda ake zagaya shayi mai kauri da sukari, na ɗaya, na biyu, na uku, har tsakar dare, wani lokaci a bi da tsire ko balangu. A nan rashin barci da cin dare tafiyarsu ɗaya, kuma wannan haɗin ya fi cancantar a damu da shi fiye da ƙirga awanni kawai. Direbobin dogon zango a hanyar Yamai ko Agadas, masu gadi, da ma'aikatan dare a asibiti ko matatar mai, su ma agogon jikinsu a birkice yake. Ƙailula bayan azahar na rage gajiya, amma ba ta cike gurbin barcin dare gaba ɗaya.

Akwai wata matsalar da gidaje ke ɗauka wasa: minshari mai ƙarfi da numfashi ke ɗaukewa a cikinsa. Mai wannan larura zai yi awa 8 a kwance ya tashi a gajiye, kuma an san tana tafiya da hawan jini da hawan triglisarid. Galibi uwargida ce ke fara lura, don haka maganarta abin saurare ce a gaban likita.

Hawan kolestarol ba ya zazzaɓi, ba ya ciwon kai. Awon jini kaɗai ke tona shi, kuma akan nemi a je da safe ba a karya ba. Hanta ta fi haɗa kolestarol da dare, shi ya sa wasu magungunansa, irin su simbastatin, da yamma ake shan su.