Motsin Juyawa da Akselareshan

Motsin juyawa a fiziks shi ne tafiyar abu yana zagaya wata tsakiya, kamar fankar sili ko tayar Keke Napep ko dutsen wasa wuƙa. Ana auna kwanar da abu ya sha da radiyan, zagaye ɗaya cif radiyan 2π ne wato digiri 360, kenan radiyan ɗaya ya kai digiri 57.3. Saurin juyawa kuma ana rubuta shi da harafin Girkanci omega, ω, radiyan nawa a daƙiƙa. Ƙaramin janaretan fetur ɗin nan da ke ƙara a kowane lungu na Agege yana juyi 3,000 a minti don ya ba da wuta mai hats 50 (sauyawa zagaye 50 a daƙiƙa) irin ta Najeriya, wato kusan radiyan 314 a daƙiƙa ɗaya.

Duk sassan taya omega ɗinsu ɗaya amma gudunsu ba ɗaya ba, v = ωr, inda v take nufin gudu, r kuma tazara daga tsakiya. Bakin fiffiken fanka ya fi gindinsa gudu nesa ba kusa ba.

Inda ɗalibai masu shirin WAEC da JAMB suke yawan tuntuɓe shi ne batun akselareshan, kuma gaskiya ba laifinsu ba ne tunda an saba ce musu akselareshan ƙarin gudu ne kawai. To ai sauyin alkibla ma yana ciki. Danfo ta shiga shataletale, allurar sifida tana tsaye cak a 36 ba ta motsa ba, amma hancin motar yana ta karkata kowane lokaci, dan haka tana akselareshan kuma wajen tsakiyar shataletalen yake fuskanta, girmansa a = v²/r. Kilomita 36 a awa mita 10 ne a daƙiƙa, in r mita 20 ce za a samu 100 raba 20, wato mita 5 a daƙiƙa a kowace daƙiƙa, kaga ya wuce rabin akselareshan ɗin jan ƙasa, g, da yake 9.8. Direba ya ninka gudun kuwa sai akselareshan ɗin ya koma 20, ninki huɗu kenan, kuma tayar roba ba ta iya riƙe kwalta a haka balle an yi ruwa. Shi ya sa ɗan okada yake kwantar da mashin in zai sha kwana.

Fasinja yana jin kamar ana tura shi waje ya matse na kusa da shi, alhali jikinsa ne ke son ya miƙe, motar ce ta juya ta tare shi. A tsaya wajen mai wasa wuƙa a kasuwar Mile 12 a kalli tartsatsin, da ya bar dutsen ba ya zagayawa ko kaɗan, miƙewa yake sak ta inda ya fita. Haka dutsen majajjawa in an saki igiya. Christiaan Huygens ɗan Holand ne ya wallafa wannan lissafi na akselareshan mai fuskantar tsakiya a 1673, Isaac Newton na Ingila ya ɗora a kai a 1687.

Duniya ma juyi take, kuma Legas tana kusa da ikweta, digiri 6 da rabi arewa, dan haka mutumin da ke zaune a Idi-Araba yana tafiya da fiye da kilomita 1,600 a awa bai sani ba. Akselareshan ɗin wajen 0.03 ne kacal saboda r ta haura kilomita 6,300.

Sai binciken daimenshan, wanda ni a ganina ya kamata a fara koyar da shi kafin komai dan yana ceton mutum a ɗakin jarabawa. Kowane adadi a makaniks an gina shi ne da uku, mas M, tsawo L, lokaci T. Gudu L/T ne, akselareshan L/T². In ka manta ko v²/r ne ko v/r sai ka gwada, v² ya ba ka L²/T², ka raba da L ya rage L/T², ya yi daidai. Shi kuwa v/r 1/T yake bayarwa, wannan omega ce. Joseph Fourier na Faransa ya bayyana dabarar a 1822. Sai dai ba ta iya fito maka da lambobi tsura, a lissafin lilo T = 2π√(l/g), inda T take nufin lokacin kai da kawowa ɗaya, l kuma tsawon zaren, za ta nuna maka √(l/g) ɗin, amma 2π sai an bi ta cikakken lissafi ko an ɗaura dutse a zare an ƙirga da agogo.